Amsa: Gam ɗin wayar haƙora ne ke cin haƙorin yarinya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gam ɗin da likita ya liƙa ƙarafan daidaita haƙora da shi ne ya jawo wa 'yarki farin tabo kamar alli a gefensu. Gam ɗin da kansa ba ya cin haƙori. Dattin abinci ne ke maƙalewa a kewayen ƙarfen, ƙwayoyin cuta su mayar da sukari tsami, tsamin ya riƙa zare sinadarin kalsiyam daga fatar haƙorin. Cikin sati 4 ma tabon na iya bayyana. Amma gam yana da nasa hannu: idan ya tsiyayo ba a kankare rarar ba, wurin yakan yi kaushi ya zama maɓoyar datti. Akwai kuma irin gam ɗin da ke sakin fulorayid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a hankali, wanda ake kira gilas ayonoma, yana ɗan rage ɓarnar, sai dai bai kai gam ɗin roba da aka saba liƙawa da shi riƙo ba.

Ni ɗana ya yi shekara 2 da wayar, daga ƙauyenmu kusa da Ringim muke kai shi Kano. Asuwaki bai iya shiga ƙarƙashin waya ba, sai da muka samo ɗan siririn buroshi, ya riƙa wanke baki safe da dare da makilin mai fulorayid, ya tofar kawai kada ya kurkure baki da ruwa. Zoɓo mai sukari da alawa muka hana shi tsotsa tsakanin abinci, wannan ya fi ba mu wahala. Idan kin koma, ki roƙi likita ya duba rarar gam ya shafa mata fulorayid tun tabon bai zama rami ba.