Daga Ina Terry McMillan Ta Samo Labarin Ƙawaye Huɗu Marasa Aure?

Tambaya: Malama, ina son rubuta labarin wasu ƙawaye da ba su da aure, 'yan mata da zawarawa, amma da na zauna sai kaina ya ɗaure. An ce wata marubuciyar Amurka ta yi irin wannan littafi har aka mayar da shi fim. Ita daga ina ta samo nata?

Amsa: 'Yar'uwa, Terry McMillan kike nufi, littafin kuma Waiting to Exhale ne, wanda ya fito a 1992, aka yi fim ɗinsa a 1995 da Whitney Houston da Angela Bassett. Sunan na nufin jiran ranar da za a sauke ajiyar zuciya.

Ba ta je da nisa ba. Kanta ta duba, ta dubi ƙawayenta: baƙaƙen mata ne masu ilimi da aikin yi, sun haura talatin, amma kowacce kukanta ɗaya, an rasa mijin da za a zauna da shi. Abin da ake ta maimaitawa a hira har ya gundiri kowa, shi ta ɗauka. A ganina gwanintarta tana wajen rabon da ta yi wa kukan nan. Ta zaunar da mata huɗu a birnin Phoenix na jihar Arizona, jihar da ita kanta ta koyar a jami'arta, kowacce da nata ciwon. Bernadine, bayan shekara 11 da aure, mijinta ya bar ta saboda wata Baturiya, ita kuwa ta kwashe tufafinsa ta zuba a motarsa ta cinna wuta. Gloria tana da shagon gyaran gashi, ita kaɗai ke rainon ɗanta saurayi. Robin kullum a hannun mayaudara take ƙarewa, ga mahaifinta da ciwon mantuwa. Savannah kuwa uwarta ce ta ƙi barin ta ta huta da zancen aure, kuma na san wannan ba zai yi miki baƙo ba.

Shagon Gloria ɗin nan ki lura da shi da kyau. Ƙawaye suna buƙatar wurin da bakinsu zai saki. Naki zai iya zama gidan kitso, ko ɗakin da ake zanen lalle ana gobe ɗaurin aure, inda wata gwaggo za ta leƙo ta ce, “To ke kuma sai yaushe?” Rubuta abin da yarinyar ta yi da hannunta a daidai lokacin, ko ta gyara mayafi ne ko ta hau latsa waya.

Sai dai ki yi hattara. Littafinta na baya, Disappearing Acts na 1989, ya ja mata shari'a, domin mutumin da ta taɓa zama da shi ya kai ta kotu yana cewa shi ta zana ta ɓata masa suna. Kotu ta kori ƙarar, amma fa an sha zirga-zirga. A wajenmu ba sai an je kotu ba, ƙawa tana ganin sirrinta a shafi na uku zumunci ya mutu. Ki haɗa halin mutum uku ki yi mace ɗaya, ki sauya mata gari da sana'a, ki kuma ba ta wani aibu daga cikin naki.