Zan iya sauke giyabos ɗin Golf 3 a gida?

Tambaya: Ina da Golf 3 mai inji 1.8, giyar hannu. In na taka totur inji ya yi ta kuka amma mota ba ta ja, an ce kuloci ne ya cinye. Ina da sifanu da jak, ina kuma ɗan taɓa gyara. Zan iya sauke giyabos da kaina?

Amsa: Za ka iya, amma ba kai kaɗai ba, ba kuma da jak ɗaya ba. Giyabos ɗin wannan mota, wanda ake kira 020, ya haura kilo 30, kana kwance zai sauko maka.

Nemi daɓen siminti, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a tayoyin baya. Ɗaga gaba ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Don Allah ban da bulo, fashewa yake yi ba sallama. Cire kan batir mai alamar ragi, domin wayar kik mai kauri kullum da wuta take. Tsiyaye man giya da alanki mai lamba 17, kusan lita 2 ne.

Aikin sama ba wuya: kebul ɗin kuloci, sandunan giya, filogin fitilar ribas, na sifidomita, da wayar da ke haɗa giyabos da bodi. Ɗauki hoton sandunan kafin ka taɓa su.

Ga inda ake samun ɓarna. A Golf 3, dogayen notocin kik su ne kuma suke riƙe da ƙarfen mazaunin inji na gaba. In ka kwance su ba ka tokare inji ba, zai zube gaba, ya ja tiyon ruwa, ko ya danne maka hannu. Don haka sa jak na biyu a ƙarƙashin kaskon mai tukuna, da katako mai faɗi a tsakani don kada kaskon ya lotse.

Shaf biyu na taya, wato sandunan da ke juya tayoyin gaba, kowanne noti 6 ne a jikin giyabos, masu kai mai tsini 12. Kada alanki ya shiga nan, zai cinye kan ka rasa abin kamawa. Sakace dattin ramin, ka buga makullin da ya dace har ya zauna. Ɗaure shaf ɗin da waya, kar su yi lilo.

Cire faifan da ke rufe filawil, wato babban ƙarfen da'ira mai haƙora da kik ke juyawa, daga ƙasa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin faifai ɓoye a bayan mahaɗar shaf na dama. In giyabos ya ƙi fita, sau da yawa shi aka manta. Kwance mazaunin giyabos na hagu na baya, sassauta jak inji ya ɗan karkata, sannan notocin da ke haɗa inji da giyabos, ka bar na sama ɗaya a ƙarshe. Wani ya tallafe, ku ja shi a miƙe har ya bar fil biyun da ke saita shi, ku ɗan juya ɓangaren shaf sama ya wuce. Kar nauyinsa ya rataya a kan sandar da ke shiga faifan kuloci, tana lanƙwasa tsakiyar faifan.

Tunda ya sauko, duba siririyar sandar da ke ratsa tsakiyar giyabos tana tura kuloci. Tana da ɗan sil, wato robar da ke tare mai. In yana yoyo, man giya zai jiƙa sabon faifai, aikin ya koma baya. Canza shi, kuɗinsa kaɗan ne. Notoci 6 da ke ɗaure kuloci a kan karanshaf ba a maimaita su, sayi sababbi.

Wajen mayarwa, saita faifan kuloci a tsakiya sosai. In giyabos bai haɗe da inji da ƙarfin hannu ba, kada ka jawo shi da noti, murfin alminiyon zai tsage. Janye ka ɗan juya mahaɗar shaf haƙora su haɗu. Ƙarfin ɗaure notocin shaf 45 Nm ne a sifanar awo, man giya kuma 75W-90 GL-4.