Iyafis ko hedifon, wanne ya fi daɗin sauti?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin iyafis mai shiga cikin kunne zai kamo hedifon mai rufe kunne wajen kyawun sauti. Na daɗe ina amfani da duka biyun, kuma in ina zaune wuri ɗaya hedifon nake ɗauka.

Lasifikar hedifon kan kai milimita 40, ta iyafis kuwa ba ta cika wuce 10 sosai ba. Hedifon yana ba sauti sarari, kamar makaɗan sun bazu a gabanka. Iyafis kuwa a tsakiyar kanka kake jin kiɗan. Sai dai girma kaɗai ba ya yanke hukunci, iyafis mai kyau ya fi hedifon mara inganci nesa ba kusa ba.

Inda aka fi kuskure shi ne robar bakin iyafis. In ba ta toshe kunne ba, kaurin sautin zai zurare, a yi ta zargin na'urar. Gwada duk robobin da ke cikin kwalin. Ni kunnena na hagu babba yake so, na dama matsakaiciya.

Kada ka ƙure sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). In kunnenka yana ƙara bayan ka cire, ka ga likitan kunne.