Tsakanin filin jirgin Kaduna da na Abuja, tafiyar awa nawa ce?

Tambaya: Mahaifina zai sauka a filin jirgin saman Kaduna daga Legas da hantsi, kuma da daren ranar ne jirginsa na Umara zai tashi daga Abuja. Na duba taswira a waya, na ga kamar filayen biyu ba su da nisa sosai. Shin awa biyu za ta ishe mu? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya karɓi ibadar Baba. Awa biyu kam ba za ta ishe ku ba. Idan aka ja layi miƙe tsakanin filayen biyu, nisan bai wuce kimanin kilomita 190 ba, amma wannan lissafin matuƙin jirgi ne, domin mai mota sai ya ci fiye da kilomita 200 kafin ya ga ƙofar filin Nnamdi Azikiwe na Abuja. Dalili kuwa shi ne babu ɗaya daga cikinsu da yake tsakiyar gari: na Kaduna yana can bayan Mando ta hanyar Birnin Gwari, na Abuja kuma yana yamma da birnin.

Daga Mando za ku hau babban titin da ya zagaye Kaduna ta yamma, wanda shi ma, abin mamaki, sunan Nnamdi Azikiwe yake ɗauke da shi, kuma a nan ne tireloli da tankoki suke fara cinye wa matafiyi lokaci. Daga Gonin Gora sai Kateri, sai Jere, sai Tafa inda manyan motoci kan yi jerin gwano a gefen titi, sannan Zuba, inda za ku bar hanyar shiga birni ku nufi mahaɗar Giri. A ranar da hanya ta yi kyau, ku ƙaddara awa uku zuwa huɗu, sannan ku ƙara awa ukun da ake son mai fita ƙasar waje ya isa fili kafin tashi.

Gwamnati ma ta taɓa gwada wannan tazara. A ranar 8 ga Maris, 2017, an rufe filin Abuja na tsawon mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, ana kwasar fasinjoji a motocin bas da rakiyar jami'an tsaro. Yawancin kamfanonin ƙasashen waje sun ƙi zuwa, in ban da Ethiopian Airlines da ya amince.

Akwai kuma jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016, mai tafiyar kilomita 186 daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, wanda ya fi sauƙi ga dattijo saboda yana iya miƙe ƙafa. Sai dai yana da lokutan tashinsa, tikiti kan ƙare da wuri, kuma daga Idu sai an sake neman abin hawa. A ganina, tunda jirgin Legas yana iya yin jinkiri, ku sauya wa Baba tikiti ya sauka Abuja kai tsaye. Idan hakan ya gagara, ku bar Mando kafin azahar, domin kada duhu ya riske ku a hanya.