Ina son a buga wa kyanwata abin wuya da ba ya cirewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyanwata ta taɓa ɓata har kwana uku, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Ina so in tsara mata abin wuya mai sunanta da lambar wayata a irin shafukan nan da ake tura zane su buga su aiko. Wanda na saya mata a kasuwa kullum sai ta dawo babu shi, don haka nake neman mai maɓalli mai ƙarfi da ba ya buɗewa. Kuma ina tsoron in biya da dala a kawo abin da bai yi ba. Me zan kula da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara kawar da maganar zane, don ita ce mai sauƙi. Kamfanoni irin su Printful da Printify suna ba da ma'aunin kowane kaya, ki sauke shi ki yi aiki a kansa. Hoton ya kai ɗigo 300 a kowane inci, wato faɗin santimita 10 yana buƙatar fiksel, ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, wajen 1,180. Kada ki ɗauko hoton da ya bi ta WhatsApp, an riga an matse shi, zai fito dishi-dishi. Launin bango ya wuce layin yanka, rubutu kuma ya tsaya can ciki. Abin wuyan kyanwa faɗinsa yawanci wajen santimita 1 ne, don haka suna da lamba kawai, haruffa masu kauri, baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa, a maimaita sau biyu saboda wurin daidaita tsawo yana rufe wani sashe. Idan sunan yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, kada ki rubuta shi a akwatin rubutun shafin, salon haruffa da yawa ba su da su, sai ki ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu. Ki mayar da rubutun hoto, irin fayil ɗin da ake kira PNG, ki ɗora. Ki kuma sani abin da aka buga miki musamman ba a karɓarsa in kin mayar don kin yi kuskuren awo ko lamba, sai in laifin daga wajensu ne.

Yanzu ga inda nake son ki saurara da kyau: wannan maɓallin da kike nema, shi ne yake kashe kyanwa.

Kullum da wannan buƙata masu kyanwa suke zuwa, kuma masu sayar da kayan dabbobi suna ƙara zuga su, wai "wannan ko me za ta yi ba zai fita ba". To ai matsalar ke nan. Kare a ƙasa yake yawo, ana kuma jansa da igiya, shi ya sa ake yi masa maɓallin da sai an matse gefe biyu yake buɗewa. Kyanwa kuwa katanga take hawa, ta ratsa ƙarfen taga, ta bi ta ƙarƙashin waya, ta hau reshen darbejiya. Ranar da abin wuyan ya maƙale tana dirowa, nauyin jikinta gaba ɗaya a wuyanta zai rataya, kuma mintuna kaɗan sun isa. Ba za ki ji kukanta ba, don wadda aka shaƙe ba ta kuka.

Na roba mai miƙewa ma da ake cewa ya fi aminci, ba haka ba ne. Tana ƙoƙarin cire shi sai ƙafar gaba ta shige, ya koma ƙarƙashin hammata yana yankanta a hankali. Gashi ya rufe wurin, ba a lura sai ya fara wari, lokacin zafi har ƙuda ya zuba tsutsa. Ciwon hammata yana da wuyar warkewa saboda wurin ba ya daina motsi, sau da yawa sai likitan dabbobi ya ɗinke. Wanda ya yi sako-sako kuma yana shiga baki ya maƙale a haɓar ƙasa. Balle tsumma ko zaren da ake ƙulla wa layar da wani ya ce tana hana ɓata. Ƙulli ba ya kwancewa don ya ga dabba tana shure-shure.

Saboda haka, abin wuyan da take dawowa babu shi mai yiwuwa aikinsa ya yi: ya maƙale, ya ɓalle, ta tsira. Asarar abin wuya goma ba komai ba ce.

A nan ne shafukan bugawa suke yaudarar mutum ba da gangan ba. Yawancin abin wuyan da suke bugawa na karnuka ne, ƙaramin cikinsu ma na ɗan kwikwiyo ne, da maɓallin kare da zoben ɗaura igiya. Ganin hoton kyanwa a talla ba hujja ba ne. Ki karanta bayanin kayan, in bai faɗa ƙarara cewa na kyanwa ne mai ɓallewa da kansa ba, ki bar shi. A hoto ma ana ganewa: haƙoran mai ɓallewa zagayayyu ne, na kare kuwa masu ƙugiya ne. In ba ki samu ba, ki sayi mai ɓallewa marar rubutu, ki ba da odar ɗan faifan alminiyam mai faɗin santimita 2.5 zuwa 3 kawai, suna a gaba, lamba a baya. Ki buga biyu ko uku lokaci guda, kuɗin aikowa ya fi sauƙi a haɗe, kuma za ta zubar.

Ki auna wuyan da tef ɗin tela, ba da ido ba. Babbar kyanwa yawanci tsakanin santimita 20 zuwa 30 ne. In an saka, yatsa ɗaya zuwa biyu su shiga. Kafin ki saka mata, ki fizge shi da hannu biyu ki ga ya buɗe ba tare da kin yi kokawa ba. In ba ta kai wata 6 ba ki jira, nauyinta ba lallai ya isa ɓalle maɓallin ba, kuma wadda take cikin girma sai an riƙa duba awon kowane mako.