Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Amurka: Tikitin Tambola Ba Ya Rage Haraji

Ƙanena, na ga saƙonka inda kake cewa wani abokinka ya gaya maka Yahudawan Amurka suna sayen tikitin tambolar ƙungiyoyin agajinsu ne domin a rage musu haraji, kana tambaya ko kai ma idan ka iso karatu za ka iya bin wannan hanya. Abokin naka ya ji ƙamshin gaskiya, amma bai kai ga tukunyar ba.

Ina zaune a Brooklyn, kusa da unguwar Borough Park inda Yahudawa masu riƙo da addini suke da yawa, kuma duk lokacin sanyi sai na tarar da ɗan littafi mai ƙyalli a akwatin wasiƙuna, cike da hotunan mota da kayan azurfa da tikitin jirgi zuwa Isra'ila, kowace kyauta da kuɗin tikitinta a ƙasa. Makarantun addininsu da ƙungiyoyin taimakon marasa lafiya da wannan hanyar suke tara kuɗi masu yawa. Mutanen nan suna ɗaukar bayarwa da muhimmanci ƙwarai. Suna kiranta tsedaka, kalmar da tushenta ɗaya da sadakarmu, da yawansu kuma suna ware kashi ɗaya cikin goma na abin da suka samu. Har malamansu sun daɗe suna tattauna ko ya halatta a sayi tikitin tambola daga cikin wannan kason.

Sai dai hukumar haraji ta ƙasa, wato IRS, ba ruwanta da wannan tattaunawa. Matsayinta a bayyane yake tun hukuncin da ta fitar a 1967: kuɗin tikitin tambola ba kyauta ba ne, ciniki ne, domin wanda ya biya ya sayi damar cin mota, ko ya ci ko bai ci ba. Ko da ƙungiyar tana da cikakkiyar rajista ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wato sashen dokar haraji na ƙungiyoyin agaji waɗanda kyautar da aka ba su kan rage wa mai bayarwa haraji, hukuncin bai canja ba. Wani maƙwabcina akanta, wanda shi kansa yana sayen tikitocin kowace shekara, ya taɓa nuna mini yadda yake yi: cek biyu yake rubutawa, ɗaya na tikiti wanda ba ya saka shi a lissafin haraji, ɗaya kuma na kyauta zalla wanda yake karɓar rasit a kansa, tunda duk kyautar da ta kai dala 250 sai da takardar shaida daga ƙungiyar.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda ya ci kyautar tambolar, haraji ne yake jiransa. Ana lissafa darajar motar a matsayin kuɗin shiga, kuma idan abin da aka ci ya haura dala 5,000 ana cire kashi 24 cikin ɗari tun daga tushe. Mai bizar karatu ta F-1 kuwa, a shekaru biyar na farko yawanci ba a ɗaukarsa mazauni a wajen haraji, don haka nasa cirewar kashi 30 ne, kuma fom ɗin harajin waɗanda ba mazauna ba, wato 1040-NR, zai cika.

Ga ɗalibin da ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga aikin cikin makaranta, harajin da za a rage masa ba shi da yawa tun farko. Ban kuma ga dalilin da zai sa ka kusanci abin da malamanmu suke kira caca ba alhali babu ko riba a takarda. Idan kana son bayarwa, masallatai da yawa a nan suna da irin wannan rajistar, kuma rasit ɗinsu yana aiki daidai da na kowace ƙungiya. Amma kuɗin da ka tura wa mabuƙaci a gida kai tsaye, komai yawan ladarsa, IRS ba ta lissafa shi.