Gidan tafi-da-gidanka ko gida mai tushe: wanne ya dace da mai shirin ritaya a Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Agege ne a Legas, shekarata 63, kuma bara na ajiye aiki a wani kamfanin fiton kaya da ke Apapa. 'Yata tana aure a Ingila, ita da mijinta suna so ni da mahaifiyarta mu koma kusa da su. Surukina ya turo mini hotunan wasu gidaje da ake haɗawa a masana'anta, a ɗauko su a mota a girke a cikin wata haraba mai shinge, ya ce kuɗinsu bai kai na gidan bulo ba, kuma akwai irinsu a Sifaniya da Faransa. Ina da gida a Agege mai 'yan haya, ina tunanin in sayar in haɗa da kuɗin sallamata. Shin in sayi irin wannan gida ne, ko in daure in nemi gida mai tushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a hutun da ka samu. Gidan da surukinka ya nuna maka shi ne wanda Turawan Ingila ke kira fak hom, mu kuwa bari mu ce masa gidan tafi-da-gidanka, ko da yake da zarar an girke shi da wuya ya sake motsawa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka tuna shagunan kwantena da ka saba gani a kasuwannin Legas: kwantenar ta mai shago ce, ya saya da kuɗinsa, ya shafa mata fenti, ya sa fanka da kanta, amma ƙasar da take zaune a kai ta wani ce, kuma duk wata sai ya biya. Fak hom haka yake, sai dai ya fi kyau nesa ba kusa ba. Na taɓa shiga wata irin wannan haraba a kudancin Ingila, na ga falo mai kafet, da kicin, da ɗaki biyu, da furanni a ƙofar gida, har na ce wannan ai gida ne sosai. Sai mai gidan ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin bulon da aka kewaye gindin ginin da shi, na duƙa na leƙa, sai ga ƙarfen da aka ɗora gidan a kai da tayoyinsa. A idon doka wannan gida kaya ne da ake iya ɗauka, kamar mota, kuma duk sauran bambancin da zan kawo daga nan ya samo asali.

Kafin mu shiga ciniki, akwai maganar da ta riga shi, wato izinin zama. Sayen gida a Ingila, na bulo ne ko na tafi-da-gidanka, ba ya ba mutum damar zama a ƙasar. Bizar ziyara wata shida take bayarwa a kowace shiga, kuma dokarta ta hana mutum ya mayar da ziyara a kai a kai ta zama zaman dindindin. Bizar masu zuba jari an rufe ta a Fabrairun 2022. Hanyar da ta rage ga iyaye ita ce ta dattijon da ya dogara da ɗansa, ita kuwa sai an nuna cewa mutum yana buƙatar kulawa ta yau da kullum saboda tsufa ko rashin lafiya, kuma ba zai iya samunta a Najeriya ba, abin da ba kasafai ake amincewa da shi ba ga mai ƙarfi a jika kamarka. Sifaniya ta fi sassauci, domin tana da bizar zama ga wanda ba zai yi aiki ba, amma a 2025 sai ka nuna kuɗin shiga ko ajiya da ya kai yuro 28,800 a shekara, da ƙarin yuro 7,200 saboda Hajiya, da inshorar lafiya mai zaman kanta. Tsarin da ke ba da izinin zama ga wanda ya sayi gidan yuro 500,000 an soke shi a Afrilun 2025, kamar yadda Fotugal ta cire sayen gida daga nata tsarin a Oktoban 2023. Wanda ba shi da izinin zama, kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, ciki har da Sifaniya da Faransa da Fotugal.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ya shafi fak hom kai tsaye. Dokar Ingila ta 1983 da ke kare mazauna irin waɗannan gidaje, wadda aka yi wa gyara a 2013, tana aiki ne ga wanda gidan shi ne mazauninsa na asali, a harabar da ƙaramar hukuma ta ba lasisin zama duk shekara. Idan mai fili ya ga cewa kana Legas wata bakwai ko takwas a shekara, yana da damar zuwa kotu ya nemi a soke yarjejeniyarku, kuma yawancin yarjejeniyoyin sun hana ka zuba ɗan haya a lokacin da ba ka nan. Akwai kuma wasu harabobin da lasisinsu na hutu ne kawai. Gidajensu sun fi araha, hotunansu ba su da bambanci da na sauran, amma wannan doka ba ta kare mai saye a cikinsu, wasunsu ana rufe su na 'yan makonni a lokacin hunturu, kuma yarjejeniyar tana da wa'adin da idan ya cika za a ce ka ɗauke kayanka. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi kuka da wannan harka a irin wannan ramin suka faɗa. Waɗanda ake tallatawa a Faransa da Sifaniya galibi na wannan rukunin ne: a Faransa gidan da ke sansanin 'yan hutu ba a yarda ya zama mazaunin mutum na dindindin ba, kuma hayar fegin sau da yawa ta shekara guda ce da ake sabuntawa, a Sifaniya kuwa kowane yanki da dokarsa ta yawon buɗe ido.

Mu ɗauka an samu izinin zama, harabar kuma ta zama ce ta gaskiya. A nan fak hom yana da alherinsa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba hawa bene, abin da gwiwar dattijo za ta gode masa. Ba a biyan harajin sayen gida a kansa, harajin ƙaramar hukuma kuma yawanci a mataki mafi ƙasa yake. Maƙwabta tsararraki ne, wurin shiru ne, kuma matuƙar kana biyan kuɗin fegi kana kiyaye ƙa'ida, mai fili ba shi da ikon tashinka sai da hukuncin kotu. Kuɗin fegin ana duba shi sau ɗaya a shekara bayan sanarwar kwana 28, kuma tun Yulin 2023 ana ɗaure ƙarin ne da ma'aunin hauhawar farashi da ya fi na da sauƙi.

Amma araha ba ta ado. Wannan kuɗin fegi ba ya ƙarewa, ko ka shekara ashirin kana biya ba za ka mallaki taku ɗaya na ƙasar ba. Ranar da za ka sayar, mai fili yana da haƙƙin karɓar har kashi 10 cikin 100 na farashin, wato idan an saya fam 150,000, fam 15,000 nasa ne, ko da kai ka yi gyaran da ya ɗaga darajar gidan. Bankuna ba sa ba da lamunin gida na yau da kullum a kansa tunda babu ƙasar da za su riƙe, saboda haka masu sayensa daga hannunka 'yan kaɗan ne, masu tsabar kuɗi kuma masu shekarun da harabar ta amince da su. Jikin gidan katako ne da ƙarfe da rufi mara nauyi, yana tsufa da sauri fiye da bulo, ga kuɗin ɗumama shi da gas na tulu a inda bututu bai kai ba. Gidanka na Agege, ko da ginin ya tsufa, filin yana ƙara kuɗi kowace shekara. A fak hom abin da ke ƙara kuɗi yana hannun wani, abin da ke lalacewa shi ne a hannunka.

Akwai abin da dillali ba zai faɗa maka ba domin bai san yadda gidan Bahaushe yake ba. Harabobi da yawa sun ƙayyade cewa sai mai shekara 50 ko 55 zuwa sama zai zauna, wanda ke nufin jika zai zo ya kwana biyu, amma ba za a kawo muku shi riƙo ba, haka ɗan ƙaninka da ya zo karatu ba zai sauka a wurinka na shekara ba. Yawancinsu a ƙauye suke ko bakin teku, nesa da masallacin Juma'a, da mahautan halal, da maƙabartar Musulmi. Mutumin da ya saba fita sallar asuba a jam'i a Agege, ya zauna majalisa bayan la'asar, ya kamata ya auna wannan da kyau, musamman a watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Batun gado ma yana nan: idan ka rasu, Hajiya ko wani ɗan uwa da ke zaune tare da kai a lokacin zai iya ci gaba da zama a kan yarjejeniyar, amma magajin da ba ya zaune a gidan abin da zai iya shi ne ya sayar, ba shi da damar tarewa kai tsaye, kuma kuɗin fegi yana ci gaba da hawa har a samu mai saye.

Gida mai tushe shi ma ba a shigarsa da ka. A Ingila iri biyu ne: wanda ka mallaki ƙasa da gini har abada, da wanda ka sayi shekaru ƙididdigaggu, kamar yadda takardar mallakar fili a Legas take shekara 99 a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Yawancin fulat na rukuni na biyu ne, suna da kuɗin kula da gini duk shekara, kuma idan shekarun da suka rage sun yi ƙasa da 80 darajarsu tana faɗuwa. Wanda ba mazaunin ƙasar ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin saye tun Afrilun 2021, kuma wanda ke da wani gida a ko'ina a duniya, har da Agege, yana iya fuskantar wani ƙarin na kashi 5. A Faransa kuɗin rajista da na jami'in da ke ƙulla ciniki yakan kai kashi 7 zuwa 8 a tsohon gida, a Andalus ta Sifaniya harajin saye kashi 7 ne. Wannan kuɗi ba ya dawowa, shi ya sa gida mai tushe bai dace da wanda zai iya canza shawara bayan shekara biyu ba. Abin da yake da shi kuwa shi ne sunanka a rajistar filaye ta gwamnati, da damar ba da haya, da damar samun tsarin sayen gida mara kuɗin ruwa da wasu bankunan Musulunci ke yi a Ingila, da dukiyar da za a raba wa magada. Sai dai rabon ba zai bi shari'a da kansa ba, dole ka rubuta wasiyya da lauyan can, ka kuma sani cewa Ingila tana karɓar harajin gado kashi 40 a kan abin da ya haura fam 325,000, ban da abin da aka bar wa mata ko miji bisa sharuɗɗan dokar.

Sai maganar naira, wadda a ganina ita ce ta fi kowace nauyi a lamarinka. Fanshonka da naira yake zuwa, kuɗin fegi da haraji da wuta kuwa da fam za ka biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ƙulla wa kansa biyan wata-wata da kuɗin waje ya wayi gari nauyin ya ninka sau uku ba tare da mai fili ya ƙara masa kwabo ba. Mai gidan bulo da ya biya kuɗinsa gaba ɗaya yana da mafita, domin zai iya ba da haya ya karɓi fam. Mai fak hom ba shi da wannan ƙofar.

Shawarata, Alhaji, kada ka sayar da gidan Agege yanzu, kuma kada ka yi cinikin biri a sama da hotunan waya. Ku je ziyara kai da Hajiya, ku kama haya kusa da 'yarku na wata uku ko huɗu da za su haɗa da hunturu, ku ga yadda jiki da zuciya za su karɓi wurin. Idan izinin zama bai samu ba, fak hom ya fita daga lissafi gaba ɗaya, kuma in dai ana son ajiye dukiya a can, ƙaramin gida mai tushe da za a iya ba da haya ya fi dacewa. Idan izinin ya samu kuma kun ga harabar ta kwanta muku, ka sa surukinka ya karɓo abu huɗu kafin a biya ko sisi: kwafin lasisin harabar daga ƙaramar hukuma da ke nuna cewa ta zama ce duk shekara, rubutacciyar yarjejeniyar fegi, wadda doka ta ce mai fili ya ba mai sayen sabon gida kwana 28 kafin sa hannu, ƙa'idojin harabar game da shekaru da baƙi, da takardun ƙarin kuɗin fegi na shekarun baya. Ka ɗauki lauya da mai duba gini naka na kanka, waɗanda ba mai fili ne ya nuna maka su ba, ka kuma ce mai dubawar ya shiga ƙarƙashin gidan ya ga ko ƙarfen ya yi tsatsa.